Jan Kunne Ga Masu Mota A Kan Ɗingishin Inji

 Abin da za a duba a wannan fili shi ne wata ɓarnar dukiya da ta yawaita a garejin bakanikai tun da motoci masu ƙwaƙwalwa suka cika ƙasa. Mutum ya ga fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a gaban sitiyari. Ya ji motarsa tana karkarwa in tana tsaye, tana shiɗewa in an taka totur. Ya kai ta gareji, a jona mata na'ura, na'ura ta nuna P0302. Nan take a ce masa ya kawo kuɗin kwayil huɗu da fulogi huɗu. Ya biya, a ɗaura, a goge lamba, fitila ta mutu, kowa ya yi murna. Bayan kwana biyu fitila ta sake kamawa, a ce ai nozul ne. Haka za a yi ta tatsarsa har ribar fataucin wata guda ta ƙare a gindin mota, cuta kuwa tana nan inda ta ke.

Asalin wannan ɓarna jahiltar matsayin lambar nan ne. Ita kamar shaida ce wadda ta zo gaban alƙali ta ce ta ga an yi ɓarna a ɗaki kaza, amma ba ta ga wanda ya yi ba. Alƙalin da ya ji wannan kaɗai ya sa a ɗaure maigida, lalle ya yi gaggawa, kuma alhaki yana wuyansa. To, haka bakaniken da ya ga lamba ya aika a sayo kaya tun bai gwada kome ba.

Kafin a gane cutar sai an san yadda lafiyar ta ke. Injin fetur na yawancin motoci yana bin tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala a shekarar 1876. A cikinsa akwai tukwane na ƙarfe, su ne a ke kira silinda, kowace da fistin mai hawa da sauka a cikinta. Fistin ya sauka ya zuƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su fashe su tura shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Gwargwadon da a ke nema shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Tukwanen ba sa fashewa tare, bi da bi su ke yi, kamar mata huɗu masu lugude a turmi guda. A yawancin injuna masu silinda huɗu ta 1 ce ke fara bugu, sai ta 3, sai ta 4, sai ta 2. Kadan inji yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana fashewa sau 25 a cikin daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa sauraron lugude ya san da zarar ɗaya ta fasa jefa taɓaryarta, kunne zai ji giɓin. Wannan giɓi shi ne bakanikai su ke cewa mota tana misin, watau wata silinda ta yi fashin wuta, inji yana ɗingishi.

Ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin cikin silinda. Abin da ta ke yi shi ne sauraron saurin karanshaf, sandar nan da fistoci su ke juyawa, ta wajen wata 'yar na'ura da ke ƙirga haƙoran wani faifai. Duk sa'ad da silinda ta fashe, sandar ta kan ƙara sauri kaɗan. Kadan lokacin wata ya zo saurin bai ƙaru ba, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta mata fashi ɗaya. Tana ƙirga fashin a cikin juyi 200 da kuma juyi 1,000, in ya wuce haddi ta ajiye lamba, ta kunna fitila. Amurka ce ta wajabta wannan tsari, mai suna OBD-II, a kan motocin da aka sayar a ƙasarta tun daga ƙirar 1996, ƙasashen Turai suka bi da motocin fetur a 2001. Da ya ke mafi yawan motocin da ke shigowa Nijeriya da Nijar kwancen waɗannan ƙasashe ne, kusan kowace tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'urar karatu.

Karatun lambar ba shi da wuya. Harafin P yana nufin sashen inji da giya. Sifiri na bayansa yana nufin ma'anar ɗaya ce ga dukan masu ƙera motoci, ko Toyota ko Honda ko Peugeot. Lamba 3 ta nuna babin wuta da fashinta. Biyun ƙarshe su ne sunan silinda: P0301 ta farko, P0302 ta biyu, har zuwa P0312 ga inji mai goma sha biyu. P0300 kuwa ma'anarta fashin yana yawo, ko ya shafi silinda fiye da ɗaya. Iyakar abin da lambar ta faɗa ke nan. Ba ta ambaci fulogi ba, ba ta ambaci kwayil ba.

Har wajen sanin wace ce silindar da aka ambata a kan yi kuskure. A inji mai huɗu a jere, ta 1 galibi ita ce ta wajen bel, can nesa da giya. Amma a inji mai shida mai layi biyu kowane kamfani da ƙirgarsa. A Toyota irin su Camry da Sienna, layin baya na jikin direba shi ne 1, 3, 5, na gaba 2, 4, 6. A Honda Accord kuwa layin baya 1, 2, 3 ne, na gaba 4, 5, 6. Bakaniken da ya ƙirga Honda da ƙirgar Toyota zai cire kwayil mai lafiya ya jefar, ya bar marar lafiya a zaune.

Silinda ba ta fashewa sai abu uku sun cika: wuta mai ƙarfi a kan lokaci, da mai da iska daidai gwargwado, da matsi. Kowane ɗaya ya ɓace, lambar da za ta fito iri ɗaya ce. Wuta ta kan mutu saboda fulogi ya cinye, ko kwayil ya tsage, ko waya ta ruɓe, ko baƙin mai ya zubo daga murfin inji ya cika ramin fulogi, ko ruwa ya shiga ramin a wurin wankin mota. Mai ya kan kasa saboda nozul ya toshe, ko wayarsa ta saki, ko wata roba ta tsage iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Matsi ya kan zube saboda bawul ya ƙone, ko ringi ya cinye, ko gaskit ya ci wuta bayan mota ta yi zafi ruwa ya ƙare a lagireto. Na farko kuɗinsa kaɗan ne, na ƙarshe sai an buɗe inji. Tsakanin waɗannan biyu ne dukiyar mai mota ke tsira ko ta salwanta, kuma bincike ne kaɗai ke rabewa.

Binciken ya kamata ya fara da tambaya, tun ba a ɗauki sifana ba. Yaushe abin ya fara? Da sanyin safiya ne ya ke yi ya daina, ko sai mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu? An sha mai a baƙon wuri? An wanke inji? Ruwan lagireto yana raguwa? Ɗingishin da ke zuwa sai an taka totur da kaya ya fi nuna raunin wuta, domin matsi mai yawa yana bukatar tartsatsi mai ƙarfi. Wanda ke zuwa a sulo ya ɓace da gudu ya fi nuna iskar sata ko raunin matsi. Wanda ke zuwa da asuba na 'yan daƙiƙu, tare da farin hayaƙi da raguwar ruwa, abin tsoro ne ga gaskit. Ƙwaƙwalwa ma tana ajiye halin da inji ya ke ciki a sa'ar da ta rubuta lambar: saurinsa, da zafinsa, da nauyin da ya ke ɗauke da shi. Wanda ya goge lamba bai karanta wannan ba ya kori shaidarsa tun ba ta gama magana ba. Haka kuma a duba lambobin da suka zo tare da ita. P0171 tana cewa iska ta rinjayi mai, P0172 mai ya rinjayi iska, P0352 tana nuna layin wutar kwayil na biyu, P0202 layin nozul na biyu. Shaida biyu sun fi ɗaya ƙarfi.

Daga nan sai a kwance fulogin silindar da a ke tuhuma, a dube shi da ido, a gwama shi da na maƙwabciyarta. Kadan ya jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu. Kadan ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ke haurowa. Kadan ya yi fari fat kamar toka, mai ya yi ƙaranci, zafi ya yi yawa. Kadan kuwa ya fi 'yan'uwansa tsabta kamar an wanke shi, a tuhumi ruwa.

Sa'an nan a zo ga gwajin da ya fi kowane amfani, wanda ba ya cin ko kwabo, watau musanya. A motar da kowace silinda ke da kwayil nata, a ɗauke na silinda ta 2 a kai ta 3, na ta 3 a kawo ta 2. A ɗauke fulogin ta 2 a musanya shi da na ta 4. A rubuta lambar da aka samu a takarda, a goge, a tuƙa motar har fitila ta dawo. Kadan lamba ta koma P0303, cuta ta bi kwayil, shi kaɗai za a saya. Kadan ta koma P0304, fulogi ne. Kadan ta tsaya a P0302, to, kwayil da fulogi sun kuɓuta daga tuhuma, kuma duk wanda ya sa aka saye su ya sa an yi asara. Sai a koma ga nozul: a ɗora dogon sukuddireba a jikinsa, a kara kunne a ji ko yana ƙyas-ƙyas kamar 'yan'uwansa, a duba wayarsa, in ta kama a musanya shi ma da na wata silinda.

Kadan duk wannan bai motsa lambar daga wurinta ba, saura matsi. Akwai agogon awo da a ke ɗaurawa a ramin fulogi, a buga sitata, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Masu lafiya ba sa nisa da juna. In ɗaya ta gaza sauran da abin da ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma, akwai magana. A ɗiga mata baƙin mai cokali guda a sake awo. In awon ya tashi, ringi ne ya cinye, man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai tashi ba, bawul ne ko gaskit. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Sai a wannan matsayi ne ya halatta bakanike ya ce a buɗe inji, kuma ya kamata ya nuna wa mai mota awon da idonsa.

Ita kuwa P0300 hukuncinta daban ne. Kadan dukan mutanen gida suka kwanta ciwon ciki rana ɗaya, randar ruwa a ke fara dubawa. Abin da silindu suka yi tarayya a kansa shi ne abin tuhuma: famfon mai da ya raunana, da matatar mai da ta toshe, da matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, da na'urar awon iska da ta yi dauɗa, da sarƙa ko bel na lokaci da ya tsallake haƙori, da kuma shi kansa man. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur Nijeriya mai sinadarin metanol fiye da ƙima, hukuma ta janye shi daga kasuwa, layukan mai suka yi tsawo, masu motoci da yawa suka koka da lalacewar injuna. Man galan na 'yan bumburutu a bakin hanya ma wani lokaci ya kan zo da ruwa ko gauraye. Wanda ya sha irin wannan mai, ko ya canja kwayil goma, ba zai ga sauƙi ba sai an zubar da abin da ke tanki.

Wajibi ne kowane direba ya san bambancin fitila mai tsayawa da mai ƙiftawa. Mai tsayawa tana ba da damar a ƙarasa gari a hankali a nemi gyara. Mai ƙiftawa tana cewa fashin ya kai haddin da zai yi ɓarna yanzu. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa cikin salansa, ya tarar da matatar hayaƙi, wadda bakanikai ke yi wa laƙabi da indomi saboda ƙananan ramukanta, ya kama wuta a can har ta narke ta toshe. A cikinta akwai ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa. Har wa yau ɗanyen man yana wanke maiƙon jikin silinda, ya tsinka baƙin mai, ringi ya ci. Wasu motoci su kan yanke wa silindar mai da kansu don kare wannan, amma ba duka ba. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan, zubar da rabon silinda guda a salansa ya zama hasarar da ɗan kasuwa zai ji a lissafinsa. Abin da ya fi dukiya kuma shi ne rai. Mota mai ƙafa uku, cike da fasinja da buhuna, ta fito wuce tirela a hanyar da babu rabi, ta shiɗe a tsakiya, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Akwai tsofaffin bakanikai da ke cewa su tun zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da kunne su ke gane misin: a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka zare sautin inji bai canja ba ita ce matacciya. Maganarsu tana da gaskiya, kuma kunnensu dukiya ce da bai kamata yara su raina ba. Amma dabarar tana aiki ne in silinda ta mutu ɗungurungum. Wadda ke fashi sau ɗaya cikin ɗari, sai a kan tudu da kaya, ba kunnen da zai kama ta a gareji, ƙwaƙwalwa kuwa ta ƙirga ta. Kuma zare waya inji yana tafiya ya kan lalata kwayil a motocin yanzu. A ɗaya gefen akwai samari masu na'ura a aljihu, waɗanda ba su taɓa ɗaura agogon matsi ba, sun iya karanta lamba ba su iya bin sawunta ba. Gareji mai albarka shi ne wanda tsoho da yaro suka haɗa abin da ke hannunsu.

Wasu kuma su kan ce gara a canja kome gaba ɗaya a huta. Ga fulogi wannan daidai ne, domin tare su ke tsufa: na gama-gari ya kan kai kamar kilomita 30,000, mai bakin iridiyam ya kan kai 100,000. Ga layin baya na inji mai shida ma, inda sai an kwance bututun iska kafin hannu ya kai, akwai uzuri a canja na wurin a tafiya ɗaya. Amma cire kwayil uku na asali masu lafiya a sa sababbi waɗanda ba a san asalinsu ba, a kasuwar da jabu ya ke kwana da na ƙwarai a kanta ɗaya, sau da yawa sayen sabuwar cuta ne da kuɗin aljihu. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da tsohon kayan a hannu, da lambar da ke jikinsa, ya kuma ƙulla sharaɗin mayarwa kafin ya biya.

Saura magana mai nauyi ga dillalai. Ya zama al'adar wasu, in za su sayar da mota, su goge lamba da safe, ko su cire ƙwan fitilar, ko su liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Wannan ɓoye aibi ne a cikin ciniki, hukuncinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne ga malamai, kuma ɗan kasuwar da ba zai yarda a sayar masa da buhun gero mai tsakuwa a ƙasa ba bai kamata ya yi wa wani haka da mota ba. Mai saye yana da hanyar kare kansa. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba: fitilar dole ta kama, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ya sa a jona na'ura a duba gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta. In da yawa sun nuna ba su kammala ba, an goge lamba ko an cire batir kwanan nan, sai ya nemi a yi tafiya mai tsawo da motar kafin ya biya. Motocin Amurka daga ƙirar 2010 kuwa suna riƙe da wata lamba wadda na'ura ba ta iya gogewa, sai ƙwaƙwalwa ta tabbatar da kanta an warke. Gyaran gaskiya ma ba ya bukatar gogewa, domin fitila ta kan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere babu fashi.

Saboda haka abin da a ke roƙon mai mota shi ne, kafin ya zaro kuɗi, ya tambayi bakanike abu uku: wace lamba ce ta fito, wane gwaji aka yi bayanta, kuma ina lambar ta koma da aka yi musanya. Ya biya ladan bincike da daɗin rai, domin awa guda ta gwaji ta fi arha bisa kayan da ba a bukata, kuma bakaniken da ba a biyansa sai ya sayar da kaya, lalle zai sayar da kaya. Abin da a ke roƙon bakanike shi ne ya mayar wa mai mota tsohon abin da ya cire, ya faɗi iyakar saninsa, in ya kai maƙura ya tura shi wurin mai wayarin ko wanda ya fi shi. Direba kuma, in ya ga fitila tana ƙiftawa, ya sassauta ƙafa, ya nemi gari mafi kusa, kada kwaɗayin kuɗin lodi ɗaya ya jawo masa buɗe inji.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cikin nema.